Ƙuna: Makonni uku na farko ke yanke hukuncin tabo

Bayan fashewar tankar man fetur a mahaɗar Dikko, kusa da Suleja, a watan Janairun 2025, hankalin jama'a ya karkata ga adadin waɗanda suka rasu. Waɗanda suka tsira kuwa jinyar watanni ce ta biyo baya, kuma irin tabon da wuta ta bari shi ke nuna ko mutum zai sake riƙe alƙalami ko sitiyari.

Jinyar ƙuna tana farawa tun kafin a isa asibiti. Likitoci sun ce a kwarara ruwan famfo mai sanyi a wurin har tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙanƙara tana ƙara kashe fata. Manja, ɗanyen ƙwai, makilin da baƙin mai kuwa datti suke shigarwa cikin ciwon.

Daga nan sai lissafin kwanaki. Ƙunar da ta warke cikin makonni biyu ba kasafai take barin mummunan tabo ba. Wadda ta haura makonni uku tana yawan barin tabo mai tudu da ƙaiƙayi, musamman a baƙar fata. Shi ya sa tun shekarun 1970 likitocin tiyata suka koma ga yanke mataccen nama da wuri, su ɗebo siririyar fata daga cinya su dasa. Ga ƙunar da ba ta yi zurfi ba, maganin shafawa na silver sulfadiazine ya daɗe yana aiki, sai dai bincike ya nuna yana iya jinkirta warkewa, har zumar da aka tace domin jinya kan fi shi sauri.

Rufewar ciwo ba ita ce ƙarshen jinya ba, domin tabo kan kai shekara ko biyu yana canzawa. A wannan lokaci ake sanya matsattsiyar rigar jinya kusan awa 23 a rana, ana liƙa faifan silikon, ana shafa mai, ana kare wurin daga zafin rana. Motsa gaɓoɓi kullum shi ke hana fata tsukewa ta ƙage yatsu ko gwiwar hannu.

Saboda haka, idan ƙuna ta taɓa fuska, hannu ko gaɓa, ko ta kai kwana 14 ba ta rufe ba, kada a tsaya a kemis ɗin unguwa. A nemi sashen ƙuna da gyaran fata, irin na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.