Allurar Botox da Cizon Haƙora Cikin Barci

Mai cizon haƙora cikin barci shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Matarsa ko abokin ɗakinsa ne ke shan ƙarar, shi kuwa sai dai ya wayi gari da ciwon muƙamuƙi da nauyin kai. In abin ya daɗe, haƙora su siɗe, wasu ma su tsage. Daga Dutse har Kiyawa da Birnin Kudu, in yaro ne akan ce tsutsar ciki ce, in babba ne a ja baki a yi shiru.

Yanzu ana ta zancen allurar Botox a matsayin magani. Asalinta guba ce mai tsanani da wata ƙwayar cuta ke fitarwa a cikin gurɓataccen abinci. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara gwada ɗan ƙanƙanin abu daga cikinta don gyara karkatar ido, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da hakan a 1989, sannan a 2002 ta amince da ita wajen goge tamojin tsakanin gira. Amincewar ba ta haɗa da cizon haƙora ba, likitoci ne ke amfani da ita bisa nasu hangen.

Ana soka ta a tsokar tauna da ke gefen kumatu, wani lokaci har da ta gefen kai. Sai ta tare saƙon da jijiya ke aika wa tsokar, ƙarfin cizon ya ragu cikin mako ɗaya zuwa biyu. A nan fa ake ruɗewa. Umarnin cizon daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, allurar kuwa ba ta kaiwa can. Bayan wata uku ko huɗu tsoka ta farfaɗo, a koma gidan jiya, a sake biya. Kafin nan kilishi na iya gagarar mutum, murmushinsa na iya karkacewa. Ga shi daga waje ake shigo da ita, kuma sai a firiji take zama. Ko a Amurka, jabunta ta kwantar da mutane a asibiti a 2024, balle inda wuta ke zuwa tana tafiya.

A ganina bai kamata a fara da ita ba. Damuwa da ƙarancin barci, taba, goro da shayi mai kauri bayan isha'i, katsewar numfashi cikin barci da wasu magungunan ƙwaƙwalwa duk suna rura matsalar. Likitan haƙori, a asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse ko na Malam Aminu Kano, zai duba irin cin da haƙoran suka yi, ya auna wa mutum robar da ake sawa a baki lokacin kwanciya. Yara kuwa, yawancinsu da kansu suke bari in sun tasa. Allurar ta wanda aka gwada waɗannan duka ciwon bai sake shi ba ce, kuma a hannun ƙwararren likita, da kwalba mai lambar NAFDAC.