Filin Manoma: Garin Dutse Abokin Yashi Ne, Ba Magajin Siminti Ba

Daga Malamin Gona, Rara

Jama'a, a wannan mako ba maganar iri ko taki zan yi muku ba. Maganar kankare ce. Wani zai ce ina ruwan malamin gona da aikin magina? To, ku duba gonakinmu na nan Rara da Rabah, har zuwa fadamar Wurno da Goronyo. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ke ta ƙaruwa, kuma da wuya ka ga manomin da ya ɗan sami hali bai taɓa sayen buhun siminti ba. Wannan zai ɗaure rijiya, wancan zai yi kwamin shayar da shanu, wani magudanar ruwa, wani daɓen shanya shinkafa. Kuɗin amfanin gona ne ke shiga ciki, saboda haka ya zama ruwanmu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata jita-jita da ke yawo a tsakanin manoma, wai garin dutse, watau ƙurar nan da ke saura in an niƙa dutse a inji an fid da tsakuwa, yana iya maye gurbin siminti. Ga abin da na gani da idona.

DAƁEN DA YA ZAMA GARI

Akwai wani dattijo manomin shinkafa a wani ƙauye kusa da nan. Ya gaji da shanya a ƙasa, ya tara kuɗi ya ce zai yi daɓen kankare, tsawo ƙafa 15, faɗi ƙafa 15, kauri inci 4. Aiki irin wannan in za a yi shi sosai yana cin siminti buhu 13 ko 14. Sai maginin da ya ɗauka ya ce masa ai ba sai an yi wannan ɓarna ba, akwai ragowar garin dutse da masu aikin hanya suka bari, buhu 7 ma ya isa, a cike sauran da garin. Hujjarsa kuwa ita ce, ai siminti ma da dutse a ke yinsa, kuma ga launinsu ɗaya.

Aka kwaɓa, aka zuba, aka shafe. Ran da aka gama kowa ya zo yana yabo, don ya yi sumul. Damina ɗaya ta wuce a kansa. Da kaka ta yi aka baza shinkafa, yara suna juya ta da ƙafa, sai fuskar daɓen ta dinga sakin tsaki yana shiga cikin hatsi. Da ya kai kasuwa, masu saye suka damƙa suka ji dutse, suka karya masa kuɗi.

Ya aiko aka kira ni. Na sa ƙusa na karta, sai ga gari yana tashi kamar an karci busasshen tuwo. Ya dube ni ya ce, “Malam, ashe na sayi asara da kuɗina?” Na ce, “Baba, garin bai yi laifi ba. An ba shi aikin da ba nasa ba ne.” Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

YADDA SIMINTI YA BAMBANTA

Gaskiya ne da dutse a ke yin siminti. Ga ma'aikatar Kalambaina nan kusa da Sakkwato, wadda aka kafa kamfaninta a 1962, ta soma aiki a 1967, yanzu kuwa tana hannun kamfanin BUA. Abin da ya sa aka kafa ta a wurin shi ne dutsen farar ƙasa da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin yankin. Amma ba niƙa dutsen kaɗai a ke yi ba. A kan haɗa shi da yumɓu bisa awo, a gasa cikin wata doguwar tanda mai juyawa, da wutar da zafinta ya kai digiri 1,450. Wannan wuta ita ke sake halittar dutsen, ya fito dunƙule-dunƙule, sa'an nan a niƙa shi lilis. Wani magini na Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar irin wannan siminti a 1824.

To, saboda gashin nan, siminti in ya haɗu da ruwa sai ya kama aiki, ya zama kamar ƙaro, ya riƙe yashi da tsakuwa su zama abu guda. Garin dutse kuwa bai ga wuta ba. In ka jiƙa shi ya jiƙe, in ya bushe ya koma gari. Kowa na iya gwadawa a gida: kwaɓa siminti zalla a gwangwani ɗaya, garin dutse zalla a wani, ka ajiye kwana uku. Na farko sai da guduma, na biyu da yatsa za ka murje shi.

Akwai kuma wani abin da yawancin mutane ba su sani ba. Mafi yawan simintin da a ke sayarwa a Nijeriya an riga an gauraya masa ɗanyen garin farar ƙasa tun a ma'aikata, gwargwadon yadda masana suka auna ba zai cuce shi ba. Lambar nan da ku ke gani a jikin buhu, 32.5 ko 42.5, ƙarfinsa ta ke nunawa bayan wannan haɗi. Watau an riga an tsarma shi gwargwadon abin da ya halatta. Wanda ya ƙara masa gari a gona, kamar wanda ya sayi nonon da aka sa wa ruwa ne, ya zo gida ya ƙara wani.

INDA GARIN KE DA AMFANI

Kada wani ya ji wannan ya ce garin dutse abin banza ne. Ko kusa. A wurin yashi yana da amfani ƙwarai, musamman a ƙasarmu.

Ƙasar Sakkwato ta gabas ba ƙasar duwatsu masu tauri ba ce. Abin da mu ke da shi rairayi ne, da laka, da marmara, da farar ƙasa. Baƙin dutse mai ƙarfi sai an nufi wajen Gusau. Yashinmu kuwa sau da yawa ya cika laushi, in na bakin fadama ne kuma ga laka a ciki. Kankaren da aka yi da irin wannan yashi shi kaɗai ba ya ƙarko. Garin dutse kuwa yana da kaifi, ƙwayoyinsa manya da ƙanana, suna shiga tsakanin tsakuwa su toshe ƙofofi. In an gauraya shi da yashi mai laushi, sai kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Ban da haka, kowace tifa ta garin dutse da aka yi aiki da ita, an huta da haƙo tifa guda ta yashi daga gulbi. Wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2010, yadda ruwa ya ci gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno, ya san gaɓar gulbi ba abin wasa ba ce. Inda aka ƙwaƙule gindin gaɓa, nan ruwa ke fara ci, gonar da ke bisa kuwa ita ke tafiya. A ƙasar Indiya, inda hukuma ta tsananta a kan ɗibar yashin kogi, jihohi da dama sun koma gini da yashin da aka niƙa daga dutse.

Amma a yi lissafi tukuna. In garin yana kusa, kamar ragowar aikin hanya da aka ba ka da izini, ko mota ta kawo tsakuwa ta haɗo da shi, to, madalla. In kuwa sai ka yi hayar tifa takanas daga nesa alhali ga yashi mai kyau a kusa, kuɗin mota zai cinye ribar.

GWAJI KAFIN A KWAƁA

Ba kowane gari ne mai kyau ba. Wani an kwaso shi da jar ƙasa. Ga gwaji biyu da ba su cin ko kwabo.

Na farko, jiƙa kaɗan ka damƙa a hannu. In ka buɗe ya wargaje, yana da ƙaiƙayi kamar tsaki, mai kyau ne. In ya dunƙule yana danƙo, ya bar maka shafi a tafi, akwai laka, a bar shi.

Na biyu, sami kwalba fara mai faɗin baki. Zuba garin ko yashin har ya kai inci 5, ka cika da ruwa, ka sa gishiri ɗan kaɗan, ka girgiza sosai, ka ajiye sa'a uku. Mai nauyi zai kwanta a ƙasa, laushin ya hau bisa ya yi layi. In layin nan ya wuce rabin inci a yashi, sai an wanke ko a sake wuri. Garin dutse a kan yi masa rangwame kaɗan, amma in laushinsa ya doshi inci guda, a rage yawan da za a sa.

AWO

Awon da aka saba da shi na daɓe da kwami da magudana shi ne 1:2:4, watau siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Saboda haka buhu ɗaya yana ɗaukar yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8.

Garin dutse cikin kwano huɗun nan na yashi zai shiga, ba cikin na siminti ba. Ni shawarata a fara da yashi kwano 3, gari kwano 1. In garin ya ci gwaji, yashin kuma mai laushi ne ƙwarai, a yi biyu da biyu. Buhun siminti yana nan yadda ya ke, ba a taɓa shi.

A lura da ruwa, don nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Garin dutse yana da ƙishirwa, kwaɓin ya kan yi tauri a shebur, sai lebura ya yi ta ƙara ruwa don ya huta. Ruwan da ya yi yawa kuwa in ya bushe ƙofofi ya ke bari, kankare ya yi rauni ya tsattsage. Jarka ɗaya mai lita 25 ita ce kimanin abin da buhu guda ke bukata, in kayan da danshi ma a rage. A fara gauraya su a bushe har launi ya zama ɗaya, kana a sa ruwa kaɗan kaɗan. In an zuba a daddaka da katako don iska ta fita.

Sa'an nan ban ruwa. Kankare ba bushewa ya ke yi ya yi ƙarfi ba, ruwa ya ke sha ya yi ƙarfi. A rufe shi da tsofaffin buhuna ko bambaron shinkafa, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7 a ƙalla. Ba ya kai ƙarfin da a ke lissafa masa sai ya kwana 28. Iskar hunturu da zafin bazara na ƙasar nan su kan kashe kankare tun ran farko in an bar shi a buɗe.

Mai babban aiki ya fara buga bulo biyu ko uku da haɗin da ya ke so, ya ba su ruwa mako guda, ya karta da ƙusa. Gara a yi asarar rabin buhu da a yi ta goma sha huɗu.

GARGAƊI

Kada a yi shafen bango da garin dutse zalla, yana tsagewa. Aikin da rai ya rataya a kansa, kamar rufin dakin, ko ginshiƙi mai rodi, ko ɗaurin rijiya mai zurfi, kada a sake awonsa sai da shawarar injiniya. Ƙurar baƙin dutse kuma tana cin huhu a hankali, ciwon da ba ya warkewa. A yayyafa wa tarin ruwa kafin a ɗiba, mai aiki ya rufe hanci da baki, a hana yara wasa a kai.

Wani zai tambaya, shin babu abin da ke rage siminti ke nan? Akwai, amma ba ɗanyen dutse ba. Mutanen Rum na dā sun yi gini da tokar dutse mai aman wuta haɗe da farar ƙasa gasasshiya, waɗansu gine-ginen suna tsaye har yau a Italiya. Tokar ɓuntun shinkafa ma, in an ƙona ta da wuta daidai ta yi fari, aka niƙa ta lilis, tana iya ɗaukar ɗan kashi na aikin siminti. Ku lura, duka biyun sun bi ta wuta. Wannan magana ce mai tsawo, za mu ba ta filinta dabam, kada kowa ya kwashi baƙar toka a bayan injin casa ya ce malamin gona ya ce.

Dattijon nan dai bai fasa ba. Muka fasa tsohon daɓen muka mai da shi ciko a ƙasa, aka zuba sabo a bisa da cikakken siminti, yashi kwano uku, garin nan dai nasa kwano ɗaya. Jikokinsa suka yi ta ban ruwa kwana goma. Ya shanya shinkafa a kai, ya shanya barkono, ƙusa ba ta kama shi.

Wanda ke da niyyar aikin kankare bana, ya kawo yashinsa da garinsa a kwalba wurin malamin gona na gundumarsa a duba tare kafin ya sayi siminti. Allah ya sa albarka a abin da muka noma. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.