Abin Da Ke Kawo Kwanciyar Rai

Jin daɗi iri biyu ne. Akwai na ran da mutum ya ɗinka sabuwar riga ko ya sayi babur. Wannan kafin wata ya mutu ya gushe. Akwai kuma wanda ke zama da mutum har tsufa, shi a ke kira kwanciyar rai.

A cikin 1991 aka mai da Dutse babban birnin Jihar Jigawa. Ma'aikata suka zo, kuɗi suka shigo, gonakin bakin gari suka koma filayen gini. Kada wani ya ce maka kuɗi banza ne. Wanda ɗansa ke kwance, ba kuɗin magani, ina zai ga barci? Amma in ciki ya cika, aka sami sutura da makwanci, ƙarin kuɗi ba ya ƙara kwanciyar rai kamar yadda a ke zato.

To, me ke ƙara ta? A cikin 1938 masanan jami'ar Harvard ta Amurka suka fara bin rayuwar waɗansu samari, har yawansu ya kai 724, waɗansu ɗalibai, waɗansu 'ya'yan matalauta. Suka yi ta auna lafiyarsu, suna tambayarsu halin zamansu, har suka tsufa. Sai suka ga waɗanda suka fi jin daɗin zama da iyali da abokai suna da shekara 50, su ne suka fi lafiya da suka kai 80.

Dalilin ba wuya. Damuwar da aka rasa wanda za a gaya wa tana hana barci, tana taimaka wa hawan jini. Sa'an nan mai jama'a, in ya fara rama, wani zai lura, ya matsa masa ya je asibiti tun ciwo bai yi nisa ba. Wanda ke zaune shi kaɗai kuwa, sai ya faɗi a ke sani.

Mutanen karkara ba su jira masana ba. Gayya, da cin tuwo tare a ƙofar gida, da dubiya, da zaman makoki, duk aikin ke nan. Wanda a ke ji wa tsoro shi ne saurayin da ya baro Kiyawa ko Jahun ya kama ɗakin haya a Dutse, ga albashi, amma bai san sunan maƙwabcinsa ba. Gayya ramuwa ce, shi kuwa damina uku ke nan ba a gan shi gonar kowa ba.