Amon Kalangu A Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya halarci biki a Sifawa, Boɗinga ko Shagari a 'yan shekarun nan ya ga yadda filin ya sauya. Inda makaɗan kalangu suka saba tsayawa, yanzu sau da yawa matashi ne zaune gaban kwamfuta, da manyan lasifika biyu, janareta na ruri a bayan katanga. Waƙoƙin da yake sakawa an haɗa su ne a sutudiyo, kuma gangar da ke cikinsu babu hannun da ya taɓa fatarta. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya zama ginshiƙin waƙoƙin fina-finan Hausa a Kano, masu haɗa kiɗa suka dogara da sautin da kamfani ya zuba a cikin na'ura. Ga shi kuwa akwai wani kiɗan zamani da aka gina kacokan a kan hannun makaɗi na gaskiya, kuma dabarunsa sun dace da gangunanmu ƙwarai.

Sunansa dram an bes. Ya taso a Ingila a farkon shekarun 1990, musamman a Landan da Biristol, a hannun matasa da yawansu 'ya'ya da jikokin mutanen Jamaika ne, waɗanda suka tashi da al'adar tara manyan lasifika a wajen rawa. Kiɗa ne mai gudu, bugu 160 zuwa 180 a minti ɗaya, amma amo mai kauri da ke ƙarƙashinsa yana tafiya a hankali, kamar da rabin wannan saurin. Kundin Goldie mai suna Timeless na 1995 ya fitar da shi duniya, a 1997 kuma Roni Size da ƙungiyarsa suka ci kyautar kiɗa ta Mercury.

Tushen gangarsa abin mamaki ne. A 1969 wata ƙungiya a Amurka, The Winstons, ta fitar da kiɗa mai suna Amen, Brother. A tsakiyarsa sauran kayan kiɗa suka yi shiru, mai ganga Gregory Coleman ya yi kiɗa shi kaɗai na kimanin sakan shida zuwa bakwai. Wannan ɗan guntun ne matasan Landan suka ɗauka da na'urorin naɗar sauti na Akai, suka yanka shi bugu bugu, suka sake jera shi, suka ƙara masa sauri. Sun nace masa ne saboda yana da rai: wani bugun ya fi wani ƙarfi, wani ya ɗan rigayi lokacinsa, ga kuma amon ɗakin da aka ɗauke shi. Abin da gangar fiyano ta rasa ke nan, domin kowane bugu nata kwafin ɗan uwansa ne.

Ɓangare na biyu shi ne amo mai kauri, wanda 'yan sutudiyo ke kira bes. Sauti girgizar iska ce. Kunnen ɗan Adam yana kama girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya, kuma gwargwadon ƙarancinta, gwargwadon kaurin amon. Wanda bai kai sau 60 ba, a ƙirji ake jin sa fiye da kunne. Fitaccen bes na wannan kiɗa ya samo asali daga wani faifai da Kevin Saunderson na Ditiroit ya yi a 1988. Dabarar ita ce a haɗa sautuka biyu masu kusan kama ɗaya, a ɗan karkatar da ɗaya. Idan ɗaya na girgiza sau 50, ɗayan sau 52, za su riƙa taimakon juna suna kuma danne juna, sai amon ya kumbura ya lafa sau biyu a kowane sakan. Wannan gurnanin shi ne ke motsa masu rawa.

Mai kalangu ya daɗe da sanin sarrafa amo, ko da bai taɓa ganin kwamfuta ba. Dubi shi da kyau: kalangun na hammata, makaɗi a hannu. Idan ya matse tsarkiya, fatar ta ɗaure, muryar ta hau. Idan ya sassauta, ta sauko. Yakan matse bayan ya riga ya buga, sai amon ya lanƙwasa a iska kamar maganar mutum, shi ya sa kalangu ke iya kiran suna da kirari. Wannan lanƙwasawar ce mai haɗa bes ke zana wa layi a kan allon kwamfuta. Haka nan naken da ake shafawa a tsakiyar fatar kotso da taushi: nauyin da yake ƙara wa fatar shi ke saukar da muryarta, ya kuma tace ta. Da irin waɗannan ganguna Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka yi wa sarakuna waƙa da kotso, Salihu Jankiɗi ya yi wa Sarkin Musulmi da taushi, Ɗan Anace kuma ya zuga 'yan dambe da kalangu. Ƙasar Sakkwato ba ta da ƙarancin amo.

To, yaya matashi mai kwamfuta da manhaja irin FL Studio zai ci moriyar wannan? Farko dai ya ɗauki sautin da tsabta. Ɗakin ƙasa mai tabarma da katifa ya fi shagon siminti mai rufin kwano, domin bango mai santsi yana mayar da amo ya dagula shi. A nisanta janareta. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a sakan, kuma idan waya ba ta da kyau, gunjinta zai shiga daidai inda bes ke zama. A sa makirfo kamar taƙi ɗaya ko biyu daga fatar, a rage ƙarfinsa yadda bugu mafi zafi ba zai kai alamar ja ba, domin sautin da ya fashe a wajen ɗauka ba ya gyaruwa. Sannan a bar makaɗin ya yi kiɗansa yadda ya saba, a zaɓi inda ya fi daɗi a yanka.

Na biyu, kada ganga da bes su yi rububin wuri ɗaya. Masu dram an bes suna saita na'ura ta yadda duk lokacin da babbar ganga ta faɗi, bes zai ɗan sunkuya na ƙiftawar ido sannan ya dawo. Suna kuma rage kaurin duk wani sauti da ba ya buƙatarsa, don murya ta fito sarai.

Na uku, a tuna da mai sauraro. Yawancin mutanenmu a waya suke jin waƙa, bayan an tura musu a kati a kasuwa, kuma lasifikar waya ba ta da girman da za ta tura iska ta fitar da amo mai kauri. Maganin shi ne a ɗan gurza bes ɗin har ya haifi 'ya'yan sauti a sama, wato 100, 150 da 200 idan uwar 50 ce. Kunne na jin waɗannan sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin uwar da kanta.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi. Kiɗan Gregory Coleman ya shiga dubban waƙoƙi, amma ya rasu a 2006 cikin talauci, bai karɓi ladan aikinsa ba. Sai a 2015 masoya kiɗa suka tara kimanin fam 24,000 suka bai wa shugaban ƙungiyar The Winstons, Richard Spencer. Bai kamata mu maimaita wannan a kan namu makaɗan ba, waɗanda da ma kasuwarsu ta ja baya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare aikin mai fasaha, amma kafin doka akwai amana. Duk wanda zai ɗauki hannun makaɗi, ya nemi izininsa, su yi ciniki a gaban shaidu, a rubuta, a ambaci sunansa a cikin aikin, kuma idan waƙa ta karɓu a ba shi rabonsa. Idan makaɗi ya ga sana'arsa na ciyar da gida, zai koya wa ɗansa, kuma sutudiyo ba zai rasa wanda zai ɗauka ba.