Moris: Haƙƙoƙin Da Ake Cin Moriyarsu Amma Ba Su Cikin Tsarin Mulki

Jamhuriyar Moris, wadda aka fi sani da Mauritius, tsibiri ce a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, mai yawan jama'a kimanin miliyan 1.2. Ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a ranar 12 ga Maris, 1968, a lokacin da tattalin arzikinta ya rataya kusan kacokan a kan noman rake. A watan Disamba na 1973 ta shiga Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan Haƙƙoƙin Tattalin Arziki, Zamantakewa da Al'adu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966, ta kuma fara aiki a 1976.

Yarjejeniyar ta ɗora wa ƙasashe nauyin tabbatar da haƙƙin aiki da albashi mai adalci, tallafin jin daɗin jama'a, abinci da matsuguni, lafiya, ilimi, da damar shiga harkokin al'adu. Sashe na 2 ya yi la'akari da cewa ba kowace ƙasa ce za ta iya cika waɗannan a lokaci guda ba, don haka ya buƙaci a riƙa cimma su sannu a hankali, gwargwadon iyakar dukiyar da ƙasa take da ita. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fayyace a 1990 cewa duk matakin da zai mayar da hannun agogo baya, wajibi ne gwamnati ta kawo cikakkiyar hujjarsa.

A aikace, Moris ta yi zarra a nahiyar Afirka. Ana duba marasa lafiya kyauta a asibitocin gwamnati. Karatun sakandare ya zama kyauta tun 1977, a zamanin Firaminista Seewoosagur Ramgoolam, kuma a 2019 aka soke kuɗin karatun digiri na farko a manyan makarantun gwamnati. Ɗalibai da tsofaffi suna hawa motocin bas kyauta tun 2005, sannan aka ƙaddamar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa a 2018. Ta fuskar al'adu, harshen Kiriyol na Moris, wanda mafi yawan jama'a ke magana da shi a gida, ya shiga makarantun firamare a 2012 a matsayin darasin zaɓi.

Sai dai babi na biyu na tsarin mulkin ƙasar ya kare haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa ne, kamar 'yancin rayuwa, faɗin albarkacin baki da addini. Bai ambaci haƙƙin lafiya, matsuguni ko tallafin tsufa ba. Haka kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a cikin gida har sai majalisar dokoki ta mayar da ita doka. Ma'anar wannan ita ce, yawancin abin da jama'a ke amfana da shi ya dogara ne ga dokoki na yau da kullum da kasafin kuɗi, waɗanda rinjaye a majalisa zai iya sauyawa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna damuwa kan wannan giɓi lokacin da ya duba rahoton ƙasar a 2019.

Tarihin fanshon tsofaffi ya nuna yadda lamarin yake. An fara biyan sa a 1950 ga mabuƙata kawai, a 1958 aka buɗe shi ga kowa ba tare da an taɓa cire wani abu daga albashin mutum ba. A 2004 gwamnati ta sanya sharaɗin duba kuɗin shiga, amma gwamnatin da ta lashe zaɓen 2005 ta soke shi. Akwatin zaɓe ne ya dawo wa tsofaffi da haƙƙinsu a wancan karo.

A watan Yuni na 2025, Firaminista Navin Ramgoolam ya bayyana a kasafin kuɗi cewa za a ɗaga shekarun karɓar fanshon daga 60 zuwa 65 mataki-mataki, saboda yawan tsofaffi na ƙaruwa, bashi kuma ya yi wa gwamnati nauyi. Ƙungiyoyin ƙwadago sun fito zanga-zanga a Port Louis, babban birnin ƙasar, suna masu cewa matakin zai fi cutar da masu aikin ƙarfi da ba za su iya ci gaba da aiki har shekara 65 ba.

Nijeriya, wadda ta shiga yarjejeniyar a 1993, tana fama da irin wannan matsala ta wata fuska. Babi na biyu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa manufofin samar da ilimi, lafiya da jin daɗin jama'a, amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna tilasta aiwatar da su. Moris ta aiwatar da yawancin waɗannan haƙƙoƙi ba tare da ta rubuta su a tsarin mulki ba, kuma taƙaddamar fansho ta sake taso da tambayar ko hakan ya isa ya kare su a lokacin da baitulmali ya shiga ƙunci.