Gigin tsufa da zargin maita

A unguwar Zongo ta Wagadugu, idan tsohuwa ta fita sayen goro ta kasa gane hanyar gida, sai a ce tsufa ne. Manta inda aka ajiye carbi tsufa ne, amma kasa gane hanyar gida alamar gigin tsufa ce, wanda ciwo ne, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke mutuwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na gigin tsufa. Hawan jini ma na jawo shi, hawan jinin kuwa yana jin magani. Abin takaici, wata tsohuwar idan ta ruɗe maita ake laƙaba mata, kuma cibiyar Delwende na karɓar matan da aka kora daga ƙauyukansu kan wannan zargi. A asibitin Yalgado na Wagadugu akwai likitocin ƙwaƙwalwa, can ya dace a fara kai tsohuwar da ta ruɗe.