Hoto Bebe Ne, Sai An Yi Masa Tafinta

Ni dai ba mai sana'ar ɗaukar hoto ba ne. Aikina koyarwa, a cikinsa na tsufa. Amma tun ina saurayi Allah Ya jarrabe ni da son wannan abu, har na yi tsimi na sayi wata 'yar tsohuwar kyamara a Funtuwa, na riƙa yawo da ita ran kasuwa da ran Salla, ina ɗaukar duk wanda ya yarda. In filim ya ƙare sai in kai Funtuwa ko Zariya a wanke mini. Mutanen Daudawa suka yi ta yi mini ba'a, wai Malam ya rasa abin da zai yi da albashinsa.

To, bana da ruwa ya ɗauke na sauko da adakar da na ke ajiye hotunan nan, don in kaɗe su saboda gara da danshi. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na baje su, na yi ta dubawa ɗaya ɗaya. Abin da na gani shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ga fuskoki nan rututu suna kallona, da hannuna na ɗauke su, amma da yawa daga cikinsu na kasa tuna sunansu, balle shekarar ko dalilin taron. Ashe hoto bebe ne. Ya kan nuna maka mutum sarai, har da tsagar fuskarsa, amma ba ya buɗa baki ya ce ga wane ɗan wane.

Yadda Abin Ya Zo Mana

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa, ta hannun wani mai suna Louis Daguerre. Da fari aikin gwanaye ne da masu hali. Sai a 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, a 1900 kuma ya fito da wata ƙarama mai suna Brownie, kuɗinta dala ɗaya. Daga nan ne talaka ya sami ikon ɗaukar hoton iyalinsa da kansa.

A ƙasarmu kuwa, galibin tsofaffin hotunan da aka ɗauka farkon zuwan Turawa, su Turawan ne suka ɗauka. In Sarki ne, kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, su kan rubuta sunansa, don haka har yau kowa ya gan shi ya san shi. In kuwa talaka ne, sai a rubuta "wani manomi" ko "wata mai tallar nono", shi ke nan. Mutumin nan yana da suna, yana da uba, wataƙila jikokinsa na nan da rai, amma ba mai iya haɗa su da shi har abada.

Hoton Shanun Noma

A cikin adakar nan akwai hoto guda wanda ba ni na ɗauka ba, gadonsa na yi. Mahaifina ne, Allah Ya ji ƙansa, yana tsaye a bakin gona bayan bijimai biyu da garma, ga mutum biyu a gefensa, ga kuma wani yaro riƙe da igiya. An ɗauke shi tun kafin samun mulkin kai na 1960.

Wanda ya san tarihin Daudawa zai gane wani abu a ciki. Kamfanin B.C.G.A., wanda aka kafa a Ingila a 1902, shi ke sayen auduga yana gurzawa. An shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen a 1912, saboda zarenta ya fi na tamu tsawo. Amma iri in ya daɗe a hannun manoma ya kan gauraya ya lalace, saboda haka cikin shekarun 1920 aka buɗe babbar gonar iri a Daudawa, inda a ke yaɗa iri mai tsabta a rarraba. Cikin zamanin nan ne kuma hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Sa'an nan ma'aikatan gona suka shiga koya wa mutane noma da shanu, En'e tana ba manomi rancen bijimai da garma, ya riƙa biya sannu sannu. Duk wannan ana samunsa a littattafai. Abin da babu a littafi shi ne, wace rana ce wannan a wurin mahaifina, su wane ne kuma ke tare da shi?

Na ɗauki hoton na tafi wurin ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, ko kin san waɗannan?" Ta karɓa, ta kai shi kusa da idonta, ta juya wajen haske, ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Kai ɗan nan, ina ka tono wannan? Ai ranar da Yaya ya gama biyan bashin shanun nan ke nan. Malamin gona ne ya zo da abin hotonsa. Ka ga rigar nan da ke jikinsa? Aro ce. Ta wannan na damansa ce, amininsa, shi ya sa ka gan shi daga shi sai taguwa." Ta yi dariya har da hawaye, ta faɗa mini sunan aminin da unguwarsu.

Na ce, "To, yaron nan mai igiya fa?" Sai ta sunkuyar da kai ta gyara lulluɓi, ta ce, "Wannan ai ka san shi." Ashe wanda ya zama maigidanta ne daga baya, ita kuwa har ya bar duniya ba ta taɓa kama sunansa ba. Da na tambaye ta na hagun, ta ce fuskar kam ta sani, baƙo ne da ya yi aiki a gonar iri, amma sunan ya ɓace mata. Ta ce akwai wani tsoho a bakin kasuwa da zai sani. Ko da na je, aka ce bara ya rasu.

Jama'a, ku duba fa. Shekara da shekaru ina kallon hoton nan, ina ganin manomi da shanu. Cikin rabin sa'a Gwaggo ta mai da shi labarin mutumin da ya fita daga bashi, da amini wanda ya tuɓe rigarsa ya ba shi don kada ya ji kunya. Da na ƙara jinkiri kaɗan, da duk sun tafi tare da ita.

Hoton Da Na So In Yar

Akwai wani kuma wanda ni na ɗauka, a wani ɗan ƙauye kusa da daji inda na fara koyarwa. Hannuna ya motsa, hoton ya fito dishi-dishi, ba kome ciki sai rijiya da kuka da 'yan bukkoki. Sau da yawa na so in yar da shi. A 'yan shekarun nan, kamar yadda kowa ya sani, 'yan bindiga sun addabi ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ƙauyuka da dama sun watse. Wannan ƙauye na cikinsu.

Ran nan wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu ya ke zaman haya a Funtuwa da iyalinsa, ya zo gaishe ni. Na nuna masa. Ya sa yatsa ya ce, "Malam, ga ɗakin tsohuwata. Nan kuma gidan liman ne. A gindin kukar nan aka raɗa mini suna." Ya roƙe ni in bar shi ya ɗauka da wayarsa, don 'ya'yansa ƙanana ba su san garin ubansu ba. Hoton da na raina saboda rashin kyau, yau shi ne shaidar cewa an taɓa yin gari a wurin. Na zaunar da shi, muka rubuta sunan kowane gida da ya iya ganewa.

Haka kuma ran 11 ga Disamba, 2020, sa'ad da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Da Allah Ya kuɓutar da su bayan kwana shida, duniya duka ta ga hotunansu, ƙafa ba takalmi, jiki duk ƙura. A idon duniya "yaran Ƙanƙara" ne kurum. Amma kowace uwa da ta dubi hoton nan fuska ɗaya ta ke nema, mai suna kuma.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Seydou Keita na Bamako ya buɗe shagon hoto a 1948, ya ɗauki dubban mutanen birnin. A 1991 aka nuna waɗansu hotunansa a Niyok, aka rubuta a ƙarƙashinsu wai ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da aka bi sawu har Bamako aka same shi da ransa, sunansa ya game duniya. Amma yawancin mutanen da ke cikin hotunan har yanzu ba a san su ba. Ga kuma ɗan ƙasarmu J. D. Okhai Ojeikere, wanda tun 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya, har ya tara wajen 1,000. Shi ya kan tambayi sunan kitson da inda ya fito, ya rubuta. Don haka aikinsa ya zama abin karatu.

Roƙona Ga Malamai Da Ma'aikata

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma aka sa mata kyamara, hoto ya yi arha kamar ƙasa. Har kamfanin Kodak ɗin kansa ya durƙushe a 2012, don mutane sun daina sayen filim. Amma yawan nan bai raba mu da hasara ba. Waya ta faɗa rijiya, ko ɓarawo ya fizge, sai hotunan shekara goma su tafi dare ɗaya.

Ku ma'aikatan ofis kun fi kowa sanin cewa takardar da ba kwanan wata, ba sa hannu, ba ta da amfani a fayil. To, hoto ma haka ya ke. Ku rubuta sunayen mutane daga dama zuwa hagu, kowa da sunan ubansa, da garin, da shekarar, da dalilin taron, da wanda ya ɗauka. A yi rubutun a baya da fensir mai taushi, ban da biro, gama tawadarsa ta kan ɓullo ta ɓata fuska. In takardar mai santsi ce fensir bai kama ba, a rubuta a jikin ambulan a sa hoton ciki. Kada a liƙe tsohon hoto cikin leda da wuta, kada a rataye shi inda rana ke dukansa, musamman mai launi, don ya fi baƙi da fari saurin koɗewa. Na cikin waya kuwa, a zaɓi 'yan kaɗan kowace shekara a kai a wanke su a takarda.

Ku kuma 'yan'uwana malaman makaranta, in za a tafi hutu, ku ce wa kowane yaro ya nemi tsohon hoto ɗaya a gidansu, ko da na fasfon aikin Hajji ne, ya zauna gaban kakansa ya rubuto labarinsa. Ku koya musu kuma neman izini kafin su ɗauki kowa. Mahaifiyata har ta rasu ba ta yarda na ɗauke ta ba, ni kuwa ban saɓa mata ba. Abin da na ke da shi nata sai maganganunta da na rubuta a littafi.

Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna suna tsare da hotunan manya. Namu na gida kuwa, in ba mu ba, ba mai tsare su. Ni dai na rubuta sunaye uku a bayan hoton mahaifina. Wurin na huɗun na bar shi fili, ko Allah Ya sa wani mai karatu wanda kakansa ya yi aiki a gonar iri ta Daudawa ya zo ya duba. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya mai da waɗanda suka bar garuruwansu gida lafiya, amin.